Dakta Na Kan Layi: Likita Ne Ko Tauraro?

Mai karatu, na san ka san wannan fitowar, don da wuya ka yi mako guda kana kallon finafinan Hausa ba ka ci karo da ita ba. Yarinya ta yanke jiki ta faɗi saboda an ce ba za a ba ta wanda take so ba. An kwashe ta sai asibiti. Alhaji na ta safa da marwa a baranda, Hajiya na share ƙwalla da gefen gyale. Can sai ƙofa ta buɗe, likita ya fito da farar riga, abin sauraren ƙirji rataye a wuya, ya zare tabarau, ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, ina son ganin ka a ofis." A ofis ɗin kuwa maganar ɗaya ce tun zamanin kaset: zuciyarta ta kumbura, in ba a ba ta abin da take so ba komai na iya faruwa. Shi ke nan, fim ya warware. Abin da kuka da waƙa da roƙon kaka suka kasa yi cikin awa 2, likita ya gama shi cikin minti 1.

Marubutanmu na littattafan soyayya ma ba a bar su a baya ba. Duk lokacin da labari ya cije, uba ya kafe, marubuciya ta rasa ta inda za ta ɓullo, sai ta aika a kira likita. Shi kuma likitan littafi ba shi da fanni. Shi ne mai karɓar haihuwa, shi ne mai tsaga kai, in hatsarin mota aka yi shi ne mai gyaran ƙashi, in jaruma ta farka ta manta kowa shi zai ce a kai ta wuraren da ta saba zuwa ko tunaninta zai dawo. Ban taɓa karanta inda ya ce bai gane abin da ke damun majinyaci ba. Ban kuma taɓa kallon fim ɗin da likita ya dawo washegari ya ce, "Ku yi haƙuri, jiya ba daidai na faɗa ba."

Da can dariya kawai abin yake ba ni. Yanzu na daina dariyar, domin mun shekara da shekaru muna kallon wannan har ya zauna mana a rai cewa maganar mai farar riga hukunci ce da ba a ɗaukaka ƙara a kanta. Muna cikin haka sai likitan ya fito daga cikin fim ya zama na gaske, ya zauna gaban makirufo. Tun da gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara yawa a Arewa, daga buɗe Freedom a Kano a 2003, zuwa tashar Arewa24 da ta zo a 2014, zuwa wannan zamani na Facebook da TikTok, kusan kowane gida yana da Daktansa. Yana da ranarsa, yana da kiɗan buɗe shirinsa, yana da masoyan da ke bugo waya don su gaishe shi kawai. A kansa nake son mu yi magana a wannan watan.

Amma bari mu fara share fage, don kalmar "Dakta" a ƙasar Hausa buhu ce da ake zuba komai a ciki. Akwai wanda ya yi shekara 6 a makarantar koyon likitanci ta Zariya ko Kano ko Sakkwato, ya ƙara shekara 1 yana sanin makamar aiki a ƙarƙashin manya, hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, wato MDCN, ta sa sunansa a rajista. Akwai wanda ya yi digiri na uku a kan tarihi ko Larabci ko noman rani. Akwai na girmamawa, irin wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba marigayi Mamman Shata a 1988, kuma ban ji wanda ya taɓa kai wa Shata yaro ya duba masa zazzaɓi ba. Sai kuma wanda ya wayi gari ya naɗa wa kansa, ya sayi farar riga a kasuwa, ya ɗora lasifika a kan mota yana zagaya tasha da maganin basir da sanyi da "infekshan". Wannan na ƙarshen ba da shi nake ba yau, don an sha yin maganarsa, kuma shi ko yaro ya nutsu zai gane shi. Da na farkon nake, mai takardar gaske. Nasa ya fi wuyar ganewa, shi ya sa ya fi ba ni tsoro.

Ina da gwaggo a Ruwan Bore, can ƙasar Gusau ta wajen Mada. Shekarun baya ta yi ta fama da ciwon kai da jiri, aka kai ta wani asibiti a Gusau, aka auna ta aka ce hawan jini ne, aka ɗora ta a kan ƙwayoyin da za ta riƙa sha kullum. Ta yi watanni tana sha. Gwaggo kuwa ma'abociyar rediyo ce ta gani-kashe-ni; 'yar rediyonta na rataye a ƙusa kusa da gado, kuma akwai wani shirin lafiya da ko tuwo take tuƙawa sai ta sa an miƙo mata rediyon. Ba zan faɗi gidan rediyon ba, ba zan faɗi sunan likitan ba. Abin da zan faɗa shi ne likita ne na sosai, mai fara'a, mai iya Hausa, irin wanda in yana bayani sai ka ji kamar ɗan ɗakinku ne.

Wata rana aka yi shiri a kan hawan jini. Ya yi bayani mai kyau: a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, a motsa jiki, a rage ƙiba, ya ce zoɓo marar sukari yana taimakawa. Duk ba ƙarya a ciki, har zoɓon ma an yi ƙananan bincike da suka nuna yana ɗan rage hawan. Sai wani ya bugo waya yana kukan tsadar magani, likita kuma cikin son ya kwantar masa da hankali ya ce ai wanda ya kiyaye waɗannan abubuwa ba lallai ne ya dawwama a kan ƙwaya ba. Lokaci ya ƙure, aka sa kiɗa, aka rufe shiri. Gwaggo ta ɗauki wannan rabin jimlar ta ƙulle a bakin zane. Da ƙwayoyinta suka ƙare ba ta aika an sayo ba. Bayan 'yan watanni, da asuba ta tashi za ta yi alwala buta ta suɓuce mata, baki ya karkace, hannu da ƙafar dama suka ƙi motsi.

Allah ya sa da sauran kwana. Da ta samu bakin magana na tambaye ta dalilin da ya sa ta bar magani. Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, ta ce, "Kai ɗan nan, ai Dakta na yac ce in an bar gishiri ana shan soɓorodo ba sai an ta haɗiyar ƙwaya ba. Da kunnena ni jiya." Na ce, "To Gwaggo, shi wanda ya auna ki a Gusau fa, ba cewa ya yi kada ki daina ba?" Ta taɓe baki ta ce, "Wancan ɗan yaro na, ko gemu bai da. Ko sunanai ban sani ba."

Ka ji inda gizo ke saƙar, mai karatu. Likitan da ya ɗaura mata abin awo a dantse, ya ga lambar da idonsa, ya duba ƙafarta ko ta kumbura, shi ne ba ta san sunansa ba. Wanda bai taɓa ganin ta ba, bai ma san akwai ta a duniya ba, shi ta sani: ta san dariyarsa, ta san yadda yake sallama, ta san ranar da ya yi mura. Da maganganun biyu suka yi karo, ta sananne ce ta yi nasara. Ni ban ce ya yi niyyar cutar da kowa ba. Wataƙila ma a zuciyarsa yana nufin wanda hawansa kaɗan ne, wanda ke da abin awo a gida da likitan da zai kira. Amma makirufo ba ya tace masu saurare. Jimlar da ta dace da ma'aikacin banki a Tudun Wadar Gusau, ita ce ta shiga ɗakin tsohuwar da sayen ƙwayar wata guda sai an sayar da akuya.

Matsalar a wurina tana cikin sana'o'in biyu ne, don abin da ke sa mutum ya zama gwanin asibiti da abin da ke sa shi ya zama gwanin rediyo ba sa ga-maciji. Likitan kirki mai yawan tambaya ne da jinkirin yanke hukunci. Zai ce tun yaushe, zai ce kwanta in taɓa, zai ce je ka yi gwaji ka dawo, wani lokaci ma ya ce wannan ba fannina ba ne, ga takarda ka je wurin wane. Duk waɗannan a rediyo gundura ce. Furodusa na bayan gilashi yana nuna agogo, layi cike da masu jira, mai tallar da ya ɗauki nauyin shiri yana son a yi armashi. Wanda zai yi suna shi ne mai amsa nan take, mai magana ba inda-inda, wanda ba ya cewa "ya danganta". A hankali sai likitan ya lura da irin amsar da ke jawo masa yabo, sai ya fara ba da irin ta. Yau an tambaye shi ciwon ido ya amsa, gobe rashin haihuwa ya amsa, jibi taɓin hankali ya amsa, alhali a asibitinsu ƙashi kawai yake gyarawa. Kafin ka ankara ya koma likitan littafin nan da muka yi wa dariya a sama.

Mu a Zamfara bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan haɗarin gane ciwo daga nesa ba. Ka tuna 2010, lokacin da yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano har da Bagega. Yaro zai yi amai, ya yi ta jijjiga, ya sume. Da uwar ɗaya daga cikin yaran nan ta samu layi ta bugo wa shirin rediyo ta faɗi waɗannan alamu, me kake jin za a ce mata? Zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, ko kuma sanƙarau. Su kansu likitocin ƙungiyar MSF da suka isa wurin, suka ga yaran da idonsu, abin da suka fara zato ke nan, suka ba da maganinsa, bai yi aiki ba. Sai da aka ɗebi jini aka kai ɗakin gwaji a ƙasar waje sannan aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. In waɗanda suka taɓa majinyaci da hannunsu za su iya kuskure a karon farko, ina ga wanda muryar uwa kawai ya ji ta minti 2, layi na yankewa?

Kada ka ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. A Amurka akwai Dakta Mehmet Oz, ɗan asalin Turkiyya, ƙwararren likitan tiyatar zuciya da ya yi aiki a Jami'ar Kolombiya da ke birnin Niyok. A fanninsa ba a raina shi. Ya fara fitowa a shirin Oprah Winfrey, a 2009 ya buɗe nasa shirin na talbijin, miliyoyin mutane na kallo, har zuwa 2022. Shirin kullum kuwa ciki ne da ba ya ƙoshi, tiyatar zuciya kaɗai ba za ta cika shi ba. Sai aka shiga maganin rage ƙiba da 'ya'yan itatuwan da ake kira abin al'ajabi. A watan Yunin 2014 wani kwamitin majalisar dattawan ƙasar ya zaunar da shi, Sanata Claire McCaskill ta titsiye shi a kan yadda yake kambama wasu magungunan rage ƙiba, ya amsa cewa yakan yi wa magana ado. A ƙarshen shekarar wasu masu bincike daga Kanada suka buga sakamakon aikinsu a mujallar likitoci ta BMJ. Sun tsamo shawarwari 80 daga cikin shirinsa suka bi su ɗaya bayan ɗaya: kashi 46 cikin 100 ne suka samu hujjar da ke goyon bayansu, kashi 15 hujja ta saɓa masu, kashi 39 kuma ba a samu wata hujja a kansu ba. Ka san abin da ya biyo baya? Bai rage masa komai ba. Ya yi takarar sanata a 2022 ya faɗi, a 2025 kuma aka naɗa shi shugaban hukumar da ke kula da inshorar lafiyar tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasar. Suna in ya kafu, ba ya jiran sakamakon bincike.

A nan gida, waɗanda suka yi wayo a ƙarshen shekarun 1990 za su tuna Dakta Jeremiah Abalaka na Gwagwalada, likitan tiyata, wanda ya cika jaridu da talbijin da iƙirarin ya samo maganin ƙanjamau. Jama'a suka yi ta tururuwa, har gwamnatin tarayya ta dakatar da abin a 2000, kuma har yau babu wata hukumar lafiya ta duniya da ta amince da maganin. Amma wanda ya fi shafar mu, wanda kuma ya fi wuyar magana a kansa, shi ne na rigakafin shan-inna a 2003.

Marigayi Dakta Ibrahim Datti Ahmed, Allah ya jiƙan sa, likita ne na gaske kuma dattijon da ake ganin girmansa a Kano, sannan shi ne shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a Nijeriya a lokacin. Shi ne ya fi kowa fitowa a kafafen watsa labarai yana cewa an gurɓata ɗigon rigakafin da sinadarin hana haihuwa. Ba kwalba yake sayarwa ba, ba lambar waya yake karantowa ba, kuma zarginsa ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda ya ga wannan, in ya ce a tsaya a bincika, ba za ka kira shi mahaukaci ba.

Sai dai tambayar da nake yi ita ce, me ya ba maganar ƙarfin da ta yi? Malamai da yawa sun faɗi irin ta, 'yan siyasa ma sun faɗa. Amma a majalisar mai shayi da zauren mai unguwa, abin da ke kashe gardama shi ne, "Ai likita ne da kansa ya faɗa a rediyo." Farar rigar ce ta yi aiki. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin a 2003. Gwamnatin tarayya ta tura tawaga Afirka ta Kudu da Indiya da Indunusiya aka yi gwaje-gwaje, aka dawo aka ce maganin ba shi da illa. Kano ce ta fi daɗewa, ba ta koma ba sai ƙarshen Yulin 2004, bayan an kawo wanda aka yi a Indunusiya. Kafin nan aikin gama ya gama. Yaran da cutar ta kama a Nijeriya kusan 200 ne a 2002. A 2006 sun haura 1,000, cutar kuma ta tsallaka ƙasashe kusan 20 da a da suka rabu da ita. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin a wancan lokaci yau ga su nan da goyo a baya. Yaran da aka hana kuma, wasunsu ga su nan a kan keken guragu a bakin danja. Kuskuren likita a ɗakin duba majinyaci mutum ɗaya yake samu. Wannan kuwa ya bi iska ne ya shiga kowane gida.

To sai me, a kore su daga rediyo? A'a, wallahi. Wanda ya ce haka bai san ƙauye ba. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, cikin dare ɗaya saƙo ya karaɗe ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Wa bai samu kiran asuba daga wani ɗan'uwa ba? Jaridu sun ruwaito mutuwar aƙalla mutum 2, wasu da dama aka kwantar a asibiti. Abin da ya kashe wutar shi ne fitowar hukumomin lafiya da likitoci a rediyo da talbijin suna cewa ƙarya ne. A 2017, da sanƙarau nau'in C ya ci rayuka sama da 1,000 a ƙasar nan, Zamfara ce ta fi jin jiki, kuma a lokacin ba abin da mutumin karkara ya fi buƙata irin muryar da za ta ce masa in wuyan yaro ya sanƙare ga zazzaɓi mai zafi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a kwana. A watan Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro, makonni aka yi ba kira ba intanet, rediyo kaɗai ta rage. Shirye-shirye irin su Lafiya Zinariya na BBC da Lafiya Jari na DW sun yi shekaru suna wannan aiki, kuma in ka lura da tsarinsu za ka ga ɗan jarida ne ke riƙe da shirin, yana gayyato likitan da maganar ta shafi fanninsa, wani makon kuma a gayyato wani. Ba a gina shirin a kan mutum ɗaya ba, don haka ba wanda ya zama dole ya san komai.

Akwai kuma zancen kuɗi, wanda ba a son a taɓa. Ba kowane shirin lafiya ne gidan rediyo ya shirya ba. Wani fili ne aka saya, kamar yadda ɗan siyasa ke saye. Mai saurare a Ruwan Bore ba shi da hanyar bambance likitan da aka gayyato da likitan da ya biya, don kiɗan ɗaya ne, mai gabatarwar ma sau da yawa ɗaya ne. Alamar da ta rage masa ita ce ƙarshen shiri. In aka rufe da "a garzaya asibiti mafi kusa", to da sauƙi. In aka rufe da karanto lambar waya sau 3 a hankali, da kwatancen wani asibitin kuɗi ko wani shagon da ake samun garin magani, to talla ka saurara ta rabin awa. Dokokin aikin likita na MDCN sun hana likita tallar kansa da farautar majinyata, sai dai doka a takarda daban, mai bin sawunta daban. Haka nan lambar NAFDAC da ake ta nanatawa kamar wata shaidar waraka: a maganin gargajiya abin da ta fi nunawa shi ne an duba ba a ga guba a ciki ba, shi ya sa za ka ga an rubuta a jikin kwalbar, da ƙananan baƙaƙen Turanci, cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Wannan layin ban taɓa jin an karanto shi a rediyo ba.

Ni dai ga yadda nake sauraren su yanzu. Ina kasa kunne in ji ko zai taɓa cewa "ban sani ba", ko "wannan sai an gan ki". Wanda na yi wata 3 ina bin shirinsa ban ji ya faɗi haka ko sau ɗaya ba, na san ɗan wasa nake saurare, ko da takardarsa ta fi ta kowa. Ina kuma son in ji ko yana sabunta karatu, don ilimin nan ba ya tsayawa wuri ɗaya. An daɗe ana cewa yunwa da yaji da tunani ke kawo gyambon ciki, sai ga wasu likitoci 2 na Ostareliya sun nuna cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawansa, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Amma har gobe za ka ji Dakta a rediyo yana ta faɗa da barkono, bai ambaci gwaji ba. Suna yana cin lokaci, kuma lokacin da aka ba sutudiyo da ɗaukar hoto daga wani wuri aka yanko shi.

Sai dai in yi adalci, "je ki asibiti" ma ba amsa ba ce mai arha. A cikin Gusau kuɗin Keke Napep ne. Daga Ruwan Bore ko ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu kuwa kuɗin mashin ne da na mota, da barin gona, da hanyar da a shekarun nan kowa ya san sai an yi addu'a kafin a hau ta. Likitan da zai amsa kowace tambaya da "je asibiti" ya kare kansa ne kawai, bai taimaki kowa ba, kuma shi ke tura mutane wurin mai lasifika. Gwanin da nake nema shi ne wanda zai ce wa mai saurare: wannan alamar za ta iya jiran ranar kasuwa, wannan kuwa ko tsakar dare ne a nemi mashin, wannan maganin ko kin ji sauƙi kada ki daina sai wanda ya rubuta maki ya ce ki daina, ko da ni kika ji na faɗi wani abu daban. Da an ƙara wannan guntuwar jimlar a wancan shirin, daƙiƙa 10 za ta ci.

Ku kuma 'yan fim da marubuta, tunda ku kuka rene mu a kan likitan da ba ya kuskure, ku taimaka ku ba mu wani iri ko sau ɗaya. Ku ba mu likitan da zai zare tabarau ya ce wa Alhaji bai gano ba tukuna, a jira gwaji. Ko ku ba mu labarin likitan da rediyo ta ɗaukaka, har ya fi son sutudiyo da ɗakin majinyata, ranar nan aka turo masa wata tsohuwa a kan gadon asibiti, 'yarta na cewa ai shirinsa suke bi. In darakta na neman rikicin da zai riƙe mai kallo, ga shi nan kyauta, ba sai an kumbura zuciyar kowa ba.

Gwaggo dai tana nan, tana jan ƙafa, ta koma kan ƙwayoyinta. Na saya mata abin awo mai batir, wani ma'aikacin lafiya da ke kusa da su yana leƙowa ya duba ta. Da na je gaishe ta da sallar da ta wuce, ranar ta dace da ranar shirin. Ana sa kiɗan ta daka wa jikoki tsawa su yi shiru, ta jawo rediyon kusa da kunne da hannun hagu. Da aka gama ta juyo ta ce mani, tunda ni ɗan birni ne mai rubutu a mujalla, in Allah ya haɗa ni da Dakta in ce tana gaishe shi da kyau.